Faifan ajiyar kwamfutata ya fara ƙara, an ce in yi fomat: in yarda?

Wata malama ta turo wannan tambaya: "Laftof ɗina ta kai shekara biyar a hannuna. Kusan sati uku ke nan tana nauyi, in na buɗe folda sai ta tsaya cak na mintuna, jiya kuma na fara jin wata 'yar ƙara ƙas-ƙas daga ƙarƙashinta. Sau biyu tana ƙin tashi sai na kashe na sake kunnawa. Kundin digirina na biyu yana ciki, da sakamakon ɗalibaina, da hotunan mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Wani ya ce a yi mata fomat a sa sabon Windows. In yarda?"

Amin, Allah Ya jiƙansa da rahama. Malama, kada ki yarda. Idan ma kwamfutar a kunne take yanzu, ki kashe ta, ki zare caja, ki ajiye ta inda yara ba za su buge ta ba, sannan ki ci gaba da karanta wannan a waya. Alamun da kika lissafa duk suna nuna faifan ajiya, wanda muke kira had-dis a wurin aiki, kuma faifan da ya fara irin wannan ciwo ba gyara ake nema masa ba. Kwashe kayan da ke ciki ake yi tun yana da sauran numfashi. Matsalar ita ce babu wanda zai iya faɗa miki yawan numfashin da ya rage masa. Yana iya kai wata guda, yana iya kai awa biyu. Duk mintin da ya yi yana juyawa daga cikin wannan saura ake cira, saboda haka kada a ɓata shi a kan komai sai kwafe fayiloli.

Zan ɗan bayyana abin da ke faruwa a ciki, domin in kin gane shi sauran shawarwarin za su zo miki da sauƙi. A cikin ɗan akwatin ƙarfen nan akwai faranti mai sheƙi kamar madubi, ɗaya ko biyu a na laftof, yana juyawa sau 5,400 a minti guda, wasu sau 7,200. Bisa farantin akwai siririn hannu da ke ɗauke da allurar karatu da rubutu. Allurar ba ta taɓa farantin. Iskar da juyawar ke tayarwa ce take ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu kuwa 'yan nanomita ce, silin gashin kanki ya fi ta kauri sau dubbai. An yanyanka fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, kowanne yana ɗaukar bait 512 ko 4,096. Idan gurbi ya raunana, faifan ba ya haƙura nan take, sai ya yi ta maimaita karanta shi, Windows kuma yana tsaye yana jiran amsa. Wannan jira shi ne tsayawar da kike gani in kin buɗe folda. Ƙarar ƙas-ƙas kuwa hannun ne ya nemi layinsa a kan faranti ya rasa, ya koma mazauninsa, ya sake fitowa. Idan allurar ta riga ta ji rauni har ta fara gogar farantin, ɗan burbushin da take kankarowa yana yawo a ciki yana haifar da sabuwar ɓarna. Shi ya sa ciwon ba ya tsayawa wuri ɗaya.

To ki duba abin da fomat zai yi a irin wannan hali. Zai share taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake, sannan sa Windows zai zuba gigabait fiye da ashirin na sabon rubutu, wataƙila a daidai inda kundinki yake kwance. Abin da aka rubuta a kansa ya tafi, babu gwanin da ke dawo da shi. Kuma bayan duk wannan, nauyin zai dawo cikin kwanaki kaɗan, don ba Windows ne ke ciwo ba.

Akwai abu biyu da kan yi kama da wannan ba shi ba ne. Fankar laftof in ta sha ƙurar hunturu takan yi ƙara, amma tata a jere take, fuuu ko karrr, daga wajen ramin iska, tana ƙaruwa in kwamfutar ta yi zafi. Ta faifai yawanci daga ƙarƙashin inda kike ɗora tafin hannu take fitowa. Na biyu, mahaɗin faifan ko wayarsa kan saki, musamman a kwamfutar da ake yawo da ita a jaka bisa babur. Na sha ganin wadda aka kawo an fid da rai, na zare faifan na mayar da kyau ta tashi. Sai dai ke alamu uku ne suka haɗu miki, nauyi da ƙara da ƙin tashi, don haka ki ɗauka faifan ne har sai an tabbatar da akasin haka.

Tabbatarwar ba ta da wuya. Kowane faifai yana riƙe da ɗan littafin lafiyarsa, ana kiran tsarin SMART, kuma karanta shi ba ya wahalar da faifan. Manhajar da na fi amfani da ita ita ce CrystalDiskInfo, kyauta ce. A sauke ta a wata kwamfutar a sa a filash, kada a girka komai a kan faifan da ke ciwo. Za ta nuna shuɗi in lafiya, rawaya in da gargaɗi, ja in abin ya ɓaci, amma kada ki tsaya a launi. Ki duba layi mai lamba 05, wato yawan guraben da suka mutu aka maye su da na ajiya, da C5, guraben da aka kasa karantawa suna jiran hukunci, da C6, waɗanda karatunsu ya gagara gaba ɗaya. A ƙarshen kowane layi daga dama ake duba adadin, kuma abin da ake so a gani sifili ne. C5 shi ya fi tayar mini da hankali, domin kowane ɗaya a cikinsa wani yanki ne na wani fayil da a yanzu ba ya karantuwa. In kuwa C7 kaɗai ke hawa sauran suna sifili, yawanci waya ce ko mahaɗi, faifan lafiya lau.

A shekarar 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike a kan faifai fiye da 100,000 da ke cibiyoyinsu. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatun faranti sau ɗaya tak, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta wanda bai nuna ba sau 39. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin mutuwarsu. Ma'ana, in ya ce akwai ciwo ki yarda da shi, in ya ce lafiya alhali kunnenki na jin ƙara, ki yarda da kunnenki. Kwamfutocin HP da Dell suna da nasu gwajin da ake shiga wajen kunnawa, F2 bayan Esc a HP, F12 a Dell. Gajeren gwajin ba laifi. Dogon kuwa yana bin kowane gurbi na tsawon awanni, kada a yi shi kafin a kwashe kaya.

Kafin a taɓa ko kusa guda, ki bincika ko an kulle faifan da BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan kulli a kunne mai ita bai sani ba. Idan haka ne, da zarar an haɗa faifan da wata kwamfutar za ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi, kina iya buɗe asusun a waya ki kwafe lambobin a takarda. In babu wannan mabuɗi, ko an kwafe faifan kaf ba abin da zai buɗu.

Sai ki ɗauki biro ki rubuta abin da ba za ki iya rasawa ba, a jere bisa muhimmanci. Wannan mataki mutane suna raina shi, ni kuwa ina ganin shi ne rabin aikin. Wanda ya ruɗe yakan ja babbar folda gaba ɗaya ya jefa a filash, sai kwafin ya ɓata awa biyu a kan finafinai da waƙoƙi, faifan ya mutu kafin a iso kan takardar da ake nema. Kundinki da wuya ya wuce 'yan megabait, cikin daƙiƙoƙi zai fita. Shi ne farko, sai sakamakon ɗalibai, sai hotunan Baba. Ki kuma tuna inda wasu kwafin suke: babin da kika tura wa mai duba aikinki ta imel yana nan a akwatin saƙonnin da kika aika, wasu hotunan suna wayoyin 'yan'uwanki. Abin da ake da shi a wani wuri a mayar da shi ƙasan jerin.

Kada a tayar da Windows daga kan faifan don yin kwafin. Tashin Windows kaɗai karatu da rubutu ne na dubban ƙananan fayiloli, ga manhajar kashe bairos tana bin komai, ga sabuntawa tana sauka. Hanya biyu ce. Ko a zare faifan a haɗa shi da lafiyayyar kwamfuta ta ɗan mahaɗin SATA zuwa USB, wanda ake samu a duk kasuwar kayan kwamfuta, ko a tayar da laftof ɗin daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a zaɓi gwadawa ba girkawa ba. Na fi son ta biyun. Dalili, in aka haɗa shi da wani Windows ɗin, wajen shiga foldar Users zai nemi izini, in an danna amincewa sai ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana sauya musu izini, wato rubutu a kan faifan da muke lallaɓawa. Yana kuma iya cewa faifan na bukatar fomat, ko ya nemi a duba a gyara. Duk wanda ya fito, amsar a'a ce. A yi kwafin kaɗan-kaɗan. In ya maƙale a kan fayil guda a tsallake shi, a wuce, daga baya a dawo.

Idan muhimman sun fita, ko kuma kwafin yana yawan maƙalewa, sai a koma ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayyen faifai da ya fi shi girma. A nan ne za ki gane ko mai gyaran da kika je wurinsa ya san aikin: ki tambaye shi ko yana amfani da ddrescue. Manhaja ce ta kyauta a Linux, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kuma dabararta ita ce irin ta mai kwashe kaya daga ɗakin da ruwa ke ci. Tana fara ɗibar duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, in ta ci karo da wuri mai wuya ta tsallake ta yi alama, sai ta gama da mai sauƙin ta dawo tana lallaɓa masu wuyar. Tana kuma riƙe da fayil ɗin taswira da ke rubuta inda aka tsaya. A wajenmu wannan taswira babbar rahama ce, domin aikin kan ɗauki yini guda ko kwanaki, in aka ɗauke wuta a tsakiya sai a ɗora daga inda aka tsaya. Zagayen farko ana yin sa ne da rubuta alamar -n a cikin umarnin da ake ba ta don kada ta tsaya kankarar wuraren da suka lalace, na biyu da -r3 don ta gwada kowanne sau uku. Abin da zan ja kunne a kai shi ne a tabbatar da wane ne faifan ɗauka, wane ne na zubawa, a duba sau biyu kafin a danna. In aka juya su, fanko za a zuba a kan kayanki. A kuma sa ƙaramar fanka tana hura faifan, musamman a zafin bazara, a riƙa lura kada zafinsa ya haura digiri 50.

Bayan an sami hoton, a ajiye majinyacin gefe. Duk wani gwaji a kan hoton za a yi. Manhajar TestDisk tana dawo da ɓangaren faifai da ya daina bayyana, PhotoRec kuma tana tsinto fayiloli ko da taswirarsu ta lalace, sai dai tana dawo da su ba sunayensu na asali ba folda, za ki zauna ki tantance da kanki. Dukansu na Christophe Grenier ne, kuma kyauta ne. Umarnin chkdsk da mutane ke saurin bayarwa, shi ma in za a yi to a kan kwafi. Aikinsa daidaita tsarin faifai ne, ba ceton fayil ba, in ya ga abin da bai gane ba yakan yanke shi ya tara gutsattsarin a wata folda mai suna found.000.

Akwai inda ya kamata kowa ya janye hannu. Idan ƙarar ta zama a jere, ƙas, ƙas, ƙas, sai juyawar ta tsaya, ko faifan ya daina bayyana kwata-kwata, ko yana wani ɗan kuka siriri ba ya juyawa, ko ana jin kamar ana gogar ƙarfe, to a kashe, kada a sake kunnawa "a gani ko zai tashi". Wannan ciwo na cikin akwati ne, manhaja ba ta kai wurin. Aikin masu ɗakin da aka tace iskarsa ne, waɗanda ke ciro allura daga wani faifai irinsa sak su dasa, su karanta da na'ura irin PC-3000. Kuɗinsu yana da yawa, sau da yawa ya fi na sabuwar laftof, ke za ki auna da darajar abin da ke ciki. Ki tambaye su a ina za su buɗe shi, ko ana biya in ba a sami komai ba, kuma su nuna miki jerin fayilolin da suka fito kafin ki biya. Ki kuma nemi mai amana, domin duk sirrin gidanki yana cikin wannan akwati.

Wani bawan Allah mai ɗaukar hoton biki ya taɓa kawo mini faifansa a nannaɗe cikin leda. Ya faɗi ne daga kan tebur yana cikin aiki, ya fara ƙara. Ya yi ta kunna shi kwana uku, daga nan wani ya buɗe masa murfin a kan benci a bakin titi don a ga abin da ya maƙale. Da na ɗaga shi a haske, ga shatin yatsa a kan farantin, ga wani zobe fari-fari da allura ta kankare ya zagaye shi, ga toka-toka a jikin ɗan matacin da ke kusurwa. Tokar nan ita ce hotunan bukukuwa uku da bai kai wa masu su ba. Ya daɗe a zaune bai ce komai ba. Da ranar da ya faɗi aka kashe shi aka kai inda ya dace, ina kyautata zaton da an ceto mafi yawansu. Don haka kada a buɗe murfi, kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firiza kamar yadda wasu ke faɗa, domin in ya fito raɓa ce za ta kwanta a kan farantin. Ko sauya allon lantarkin da ke bayansa, in wuta ce ta ƙona shi, ba a yi kai tsaye: akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa a jikin allon mai ɗauke da saitin wannan faifai shi kaɗai, sai an ciro shi an mayar a kan sabon.

In Allah Ya sa kayan sun fita, ki sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani mara faranti, a sa miki, a girka Windows a kansa. Laftof ɗin za ta yi saurin da ba ki taɓa gani ba, kuma babu abin da ke juyawa a ciki, jijjigar hanya ba ta dame shi. Amma shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya sallama, ba ƙara ba nauyi, dare ɗaya sai a neme shi a rasa. Abin da aka goge a kansa ma da wuya ya dawo, saboda wani tsari mai suna TRIM da ke share guraben da aka saki. In na hannu za ki saya, ki duba layi na 09 a CrystalDiskInfo, yawan awannin da ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, ki yi lissafi da kanki.

Game da ajiya, ƙa'idar da masu wannan aiki suka yarda da ita ita ce 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. A wurinki wannan na nufin ɗaya a laftof, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, OneDrive kuma 5. Kundi da sakamako da zaɓaɓɓun hotuna za su shiga ba tare da kin biya ko kwabo ba, data ma kaɗan za su ci. Sai dai ki sani, foldar da ke daidaita kanta da intanet tana bin duk abin da kika yi, in kin goge a nan ta goge a can, kwandon sharar Drive kuma kwana 30 yake riƙewa. Shi ya sa faifan waje yake da muhimmanci, kuma a riƙa zare shi bayan an gama kwafi, don kada bairos mai kulle fayiloli ko wutar da ta zo da ƙarfi su haɗa da shi. Filash ba wurin ajiya na dindindin ba ne, ga na jabu sun cika kasuwa, an rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana karɓar fayil kamar gaske sai ranar buɗewa a ga wayam. Manhajar H2testw tana tona asirinsu, a gwada kafin a zuba komai. Shi kuwa kundin, har ki kare shi, duk daren da kika yi aiki ki tura wa kanki ta imel da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin. Lokaci-lokaci kuma ki buɗe abin da kika ajiye ki tabbatar yana buɗuwa.

Tsohon faifan kada ki bar shi a shagon gyara, kada kuma ki sayar. Ki karɓo abinki, ki sa a leda ki ajiye a durowa na wasu watanni, domin sau da yawa sai bayan an natsu ake tuna wata foldar da ba a kwafo ba. In kin tabbatar komai ya fita kuma yana buɗuwa, a huda shi da na'urar huda ƙarfe wuri biyu ko uku ta kan farantin kafin a ba 'yan gwangwan.